Hancin da Aka Zana a Ƙofa

A ƙofar ɗakin gwajin ƙwayoyin cuta na asibitin gundumar akwai wata takarda da aka lulluɓe da roba, an zana ƙaton hanci a kanta, an gicciya masa jan layi biyu. A ƙasa an rubuta: BA A SHINSHINA FARANTI. Mis Verna Tidwell ce ta zana shi da hannunta, ita ta liƙa shi. Ta dage cewa ba ta da kowa a rai lokacin da take zanen, amma babu wanda ya taɓa kallon hancin nan bai juya ya kalli Odell Pruitt ba.

Shekara talatin da ɗaya Mis Verna ta yi a ɗakin, kuma shida na ƙarshe ita ce jami'ar kiyaye haɗari. Doguwa ce, busasshiya, tabaraunta na rataye a wuya da siririyar sarƙa. 'Yar cocin masu hutun Asabar ce, ba ta shan kofi, ba ta cin alade, kuma ba ta iya ƙin cin abu da bakinta a rufe. Duk ranar da ma'aikata suka haɗa abinci, kowa ya kawo kwanonsa, sai ta bi teburin da cokali a hannu tana tambaya, "Wannan waken da me aka dafa shi?" A gabashin Texas kuwa, inda ko ganye ba a dafawa sai an jefa masa ƙashin alade, tambayar ba ta ƙarewa. Daga mai shara har babban likita, kowa ya haddace cewa uwarta ta yi shekara casa'in da ɗaya a duniya alade bai taɓa shiga tukunyarta ba.

A zamanin da ta koyi aiki, hanci kayan aiki ne. Za a shuka jinin majiyyaci ko majinarsa a faranti, a sa a akwatin ɗumi ya kwana, da safe ka ɗaga murfi ka ja numfashi. Wata ƙwayar tana ƙamshin inabi, wata alewar madara, wata cakulan da ya ƙone. Gwajin gaskiya yana cin kwana biyu ko uku, amma mai hanci ya riga ya san amsa tun kafin ya zauna. Kuma a duk gundumar ba a yi mai hanci kamar Mis Verna ba. Daga baya aka gane cewa wasu ƙwayoyin ta hancin suke bi su kama ma'aikaci, aka hana. Ita aka ba wa aikin hanawar, ta kuwa riƙe shi hannu bibbiyu. Shekara biyu da suka wuce ta kama Odell, ɗan shekara hamsin da tara, da faranti a bakin hanci. Ba ta ja shi gefe ba. Ta kai ƙararsa a rubuce, aka dakatar da shi kwana uku, aka mayar da shi teburin fitsari na wata shida. Washegarin dawowarsa takardar nan ta bayyana a ƙofa.

A shekarar ne kuma aka kawo na'urar da suke kira Alƙali. Doguwa ce kamar firji. Za ka lakato ƙwayar cuta da tsinken sakace, ka shafa a wani ɗan farantin ƙarfe, ka ɗiga masa ruwan magani, ka tura ciki. Alƙali ya harba masa hasken leza, furotin ɗin da ke jikin ƙwayar su tashi, ya auna nauyinsu, ya gwada da kundin da ke cikinsa, don kowace ƙwaya da jerin furotin ɗinta. Kafin ka wanke hannu ya faɗi suna. Kore idan ya tabbata, rawaya idan yana kokwanto, ja idan bai sani ba. Abin da Mis Verna ta yi shekaru tana koyo, shi ya zo da shi a kwali.

A gaban mutane tana yabon Alƙali. A zuciyarta ta tsane shi.

Saboda haka kullum take zuwa ƙarfe shida saura kwata, kafin kowa. Takan buɗe akwatin ɗumi, ta ɗauki faranti biyu ko uku, ta ɗaga murfi, ta shinshina, ta faɗa wa kanta suna, ta mayar. Ƙarfe tara idan Alƙali ya faɗi abin da ta riga ta sani, sai ta ji wani sanyi a ranta wanda ke kai ta har yamma. Ba ta ɗauki wannan a matsayin karya doka ba. Doka, a ganinta, don masu hanci irin na Odell aka yi ta.

Wata Laraba cikin watan Maris ta ɗauki wani faranti na jini da ya yi kwana uku kafin ya nuna komai. Abin da ya tsiro a kai 'yan ɗigo-ɗigo ne kamar raɓa. Ta ɗaga murfi ta ja numfashi. Ba ta ji komai ba. Ta sake. Haushi ya kama ta, ta kawo farantin har ya kusa taɓa leɓenta, ta zuƙa da ƙarfi karo na uku. Ta mayar da shi tana tsaki, ta hau sama wurin taron kwamitin wanke hannu.

Tana can Odell ya shafa ƙwayar a farantin Alƙali, a kan buɗaɗɗen tebur kamar yadda aka saba, Yesenia Cantú tana gefensa tana ba shi labarin bikin 'yarta. Alƙali ya yi 'yar ƙararsa ya ba da suna cikin rawaya: wata ƙwaya ce ta cikin ƙasa, marar ƙarfi, irin wadda kan faɗa kwalbar jini daga fatar majiyyaci. Suka rubuta haka.

Da Mis Verna ta sauko ta ga takardar, hankalinta bai kwanta ba. Ƙwayar ƙasa ba ta jan ƙafa har kwana uku. Ta kai farantin cikin akwatin gilashi mai zuƙe iska, ta duba ƙwayar a madubin ƙara girma, ta ga kamar an watsa lallausan yashi. Ta tsoma kaɗan a wani ruwan gwaji irin na da, wanda ba a taɓa ba tun zuwan Alƙali. Kafin minti goma ruwan ya koma ja-ja.

"Yesenia," ta ce, muryarta a daidai. "Wannan jinin na wa ne?"

"Na Purvis Gaddy. Kin san shi mana, mai karnukan nan. Wata guda ke nan zazzaɓi na wasa da shi."

"Wanda ke farautar aladen daji?"

"Shi. Da hannunsa yake feɗewa, ko safar hannu ba ya sawa. Rabin garin nan sosej ɗin da yake yi da naman suke ci. Ban da ke, ba sai kin faɗa ba."

Mis Verna ta dafa tebur. Burusela ce, ƙwayar da ke zuwa daga jinin aladen daji, wadda 'yar kaɗan ta ishe ta kama mutum ta iska. Ita ce ma dalilin farko da ya sa aka hana shinshina faranti. Ta sha faɗar haka da bakinta a gaban sababbin ma'aikata, da hoto a bango.

Abin da ya kamata duk ta yi shi, kuma ta yi shi da kyau. Ta naɗe farantan da salatif, ta fitar da kowa daga ɗakin, ta kira babban ɗakin gwaji na jiha, ta kira Dokta Sethi, shugaban sashen. Ranar Juma'a jiha ta tabbatar. Aka sa Purvis a kan maganin da ya dace maimakon a sallame shi da na mura. Aka kuma gano laifin Alƙali: ƙwayoyin da hukuma ke tsoron a yi makami da su ba sa cikin kundinsa na yau da kullum, an ware su a wani kundi daban, sai an nema. Da bai sami Burusela ba, sai ya ɗauko sunan 'yar uwarta mafi kama. Dokta Sethi ya tsaya gaban ma'aikata ya ce Mis Verna ta ceci ran mutum. Aka tafa mata. Ta ji daɗin tafin, ba ƙarya, musamman da yake Alƙali na tsaye a kusurwa yana ji.

Sai aka zo kan takardar waɗanda ƙwayar ta iya shafa. Ita ta tsara takardar shekaru huɗu da suka wuce, ita kuma ke cikewa. Duk wanda sunansa ya shiga zai sha magani mako uku, a riƙa ɗibar jininsa har wata shida. Wanda bai shiga ba, ba abin da za a ba shi.

"Yesenia, kina kusa da farantin?"

"Kafaɗata na gogar ta Odell."

"Odell, kai ka buɗe shi a kan tebur?"

"Ni ne."

Ta sa tabarau ta dubi layi na gaba. "Ka shinshina?"

"Mis Verna, tun ranar da kika rataye hancina a ƙofa, ko furen matata ba na shinshinawa. Daga nesa nake gaishe shi."

Yesenia ta ƙyalƙyale da dariya. Dokta Sethi ya danne tasa, ya ce, "Ke fa, Verna? Kin taɓa shi a waje?"

"Lokacin da suka buɗe shi ina sama wurin taro, Dokta. Ga takardar halarta."

Gaskiya ta faɗa, kowace kalma. Ta riƙe wannan sosai a makonnin da suka biyo, tana juya shi a ranta tana duba ko akwai ƙarya a ciki, ba ta samu ba. Abin da ba ta faɗa ba ne kawai ya tsaya mata a rai. Idan ta sa sunanta, layi na gaba yana jiran ta, kuma ita ta rubuta hukuncin wanda ya amsa da e.

Ta yi tunanin samo maganin a ɓoye. To, kantin magani ɗaya ne a garin, kuma ƙanwar matar Odell ce ke sayarwa a ciki. Ko ta tuƙa mota zuwa wani gari, ɗaya daga cikin magungunan yana rina fitsari da gumi da hawaye su koma ruwan lemo. Odell da Yesenia sun mayar da abin wasa, kullum suna gwada hankicinsu a ɗakin shan shayi don a ga na wa ya fi nuna. Mace mai farar riga wadda ba ta cikin takarda ba ta da hanyar bayyana gumi ruwan lemo. Ta lissafa cewa ba duk wanda ya shaƙa ne ke kamuwa ba. Ta yi addu'a a kai, addu'ar da ita kanta ta ji kunyar yadda ta tsara ta. Sannan ta bari.

Tsoron da ke cinta sai ta juye shi a kan aiki. Ta rubuta wasiƙu, ta cike takardun izini, ta hana Dokta Sethi sakat har aka sa wa Alƙali wancan kundin na biyu. Ta rubuta sabuwar doka: duk jinin da ya wuce kwana biyu bai tsiro ba, ba a buɗe shi sai cikin akwatin gilashi, kuma sai an kashe ƙwayar kafin a kai wa Alƙali. Ta sa kowa ya sa hannu. Ta kuma daina zuwa shida saura kwata.

Mako na bakwai zazzaɓin ya zo. Yakan taso da yamma, ya jiƙa ta da gumi, da safe ya tafi kamar ba shi ba. Ta ce mura ce. Bayanta ya riƙe, ta ce shekaru ne. Tana haɗiyar maganin zazzaɓi a banɗaki tana fitowa ta duba ko kowa ya ɗaure rigarsa daidai. A mako na tara, tana tsaye tana yi wa Yesenia faɗa kan kwandon allurai, sai jiri ya kwashe ta, ta zame ta zauna a ƙasa.

Da Dokta Sethi ya ce a ɗebi jininta a shuka, ta kama hannun rigarsa.

"A aika shi wani asibitin, Dokta."

"Saboda me? Ke kika ce a duk jihar nan babu ɗakin da ya kai namu bin doka. Kwanta ki huta."

Kwana huɗu ta yi a hawa na biyu tana kallon silin, tana bin kwalbar jininta da ido na zuci. Ta san ranar da za ta tsiro. Ta san za a kai ta akwatin gilashi, don dokar da ta rubuta. Ta san Alƙali ba zai yi kuskure ba wannan karon, don kundin da ta yi yaƙi aka sa masa.

Ranar Alhamis da la'asar Odell ya ƙwanƙwasa ya shigo, takardu biyu a hannunsa. Ya ja kujera ya zauna, ya miƙa mata ta farko. Ba ta buƙaci tabarau ba, launin ya ishe ta.

"Kore," ya ce. "Tun da aka kawo shi ban taɓa ganin ya tabbata da abu haka ba. Har kamar yana murna."

Ta kife takardar a gefenta.

"Za ki warke, in ji Dokta. Mako shida na magani, wataƙila da allurai, tunda kin bar shi ya zauna. Za ki shigo ƙungiyarmu ta masu hankici." Ya ɗaga ta biyun. "Wannan kuma taki ce, ta waɗanda ƙwayar ta shafa. Tunda jami'ar kiyaye haɗari tana kwance, ni aka ce in cike. Akwai wurin da aka ce, ta ina cutar ta shiga. Gida biyu ne. Ko daga naman dabba, ko daga ɗakin gwaji."

"Na san takardar, Odell."

"To na riga na sa alama a na farko. Purvis yana raba sosej ɗinsa ko'ina, kuma ba kullum yake dahuwa ba. Kin je wani biki, an zuba miki, kin ci. Ba wanda zai tambaya. Kujerarki na nan, takardarki na nan a ƙofa. Sa hannu kawai."

Ta dube shi da kyau tana neman dariya a fuskarsa. Babu. Da akwai, da ya fi mata sauƙi.

"Me ya sa kake ganin ba haka aka yi ba?"

Odell ya sosa ƙaton hancinsa. "Mis Verna, shekara ashirin ina zuwa ƙarfe shida da 'yan mintoci. Idan kin sunkuya, sarƙar tabaraunki tana bugun murfin faranti. Ƙas, ƙas. Daga baranda ake ji. Ni kuma sai in tsaya in ɗaure takalmi har ki gama."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ki kai ni gaban Dokta."

Kunya ta rufe ta, irin wadda ta fi zazzaɓin zafi. Ta tuna wata shidan da ya yi a teburin fitsari yana gaishe ta kowace safiya.

"Ba ka faɗa ba."

"Wa zai yarda? Kuma ina son in ga yadda kike kallon Alƙali ƙarfe tara." Ya sunkuyar da kai. "Ranar Purvis ɗin ce tayata ta yi faci, na makara. Da na ji sarƙar nan, da ni da kaina zan sa sunanki, ki tsane ni in kin ga dama. Wannan ya dame ni."

Ya ajiye takardar a kan bargonta, ya ɗora biro a kai. Ta karanta abin da ya rubuta da ƙaramin rubutunsa: ta ci naman aladen daji. Takardar za ta bi ta hannun nas ɗin hawa na biyu, wadda ke zama bayanta a coci kowace Asabar. Amma ba wannan ne ya tsayar da ita ba. Ta ɗauki biron, ta riƙe shi, kuma abin da ya ba ta tsoro shi ne tsawon lokacin da ta yi tana riƙe da shi. Mako tara tana taƙama ba ta yi ƙarya ba, ga shi yanzu tana auna wadda za ta haɗa har da tukunyar uwarta.

Ta miƙa masa biron.

"Soke wannan. Sa a gida na biyu."

"Kin san abin da ke layi na gaba."

"Ni na rubuta shi. Karanto."

Odell ya gyara murya. "Kin shinshina?"

"Na shinshina."

"Dakatarwar kwana uku ke nan, da rasa kujerarki."

"Da teburin fitsari wata shida. Kada ka rage mini ko kwana ɗaya." Ta rufe ido. "Takardar ƙofa kuma a bar ta. Ka ce Yesenia ta ƙara wa hancin tabarau."

Ya rubuta a hankali, ta sa hannu, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Har ya kai ƙofa sai ya tsaya, ya leƙa baranda ya ga ba kowa, ya dawo bakin gadon. Ya rage murya kamar mai tambayar abin da bai kamata ba.

"Mis Verna, tsakanina da ke. Shekara talatin da biyar ina aikin nan ban taɓa samun ta a hanci ba. Wane irin wari take yi?"

Ta buɗe ido ta dubi silin.

"Sau uku na ja, Odell," ta ce. "Ba ta da wari ko kaɗan."